Kafin Ka Goya Famfon Kawunka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga Mai-sunan-Malam.

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ka ka sauka Damagaram lafiya, motar Mirriya ba ta tsaya da ku a hanya ba. Allah Ya tsare ka a inda ka kwana da inda ka yini, Ya raba ka da mugun aboki, Ya sa ka shiga garin da ƙafar dama. Ka gaida kawunka Isuhu da mutanen gidansa. Gaisuwar da na aika masa ta wajibi ce, ba ta daɗin rai ba, kuma kafin ka kai ƙarshen takardar za ka san dalili.

Ƙanwarka Hadiza na sa ta cusa maka ita a ƙarƙashin rigunanka. Kai ne ɗan farina, ka san ba na iya zaunar da kai in yi maka doguwar magana, ko sunanka ban taɓa kamawa da bakina ba. Amma maganar nan dole in fid da ita. Rubutun ajin yaƙi da jahilci ne, inda ya karkace ka daidaita da kanka.

Na ji abin da ka faɗa ranar Juma'a a gindin bedin masallaci. Kada ka tambayi wanda ya kawo mini, kafin la'asar maganar ta riga ta kai bakin rijiya. Ka gaya wa maza cewa aikin da kawunka ya ba ka a butik ɗinsa, shagon nan nasa, shi ne yawon ƙauyuka a kan moto, babur ɗin nan, kana sayar da maganin ƙwari. Ka ce da zarar gero ya fid da kai za ka dawo da bidon magani da famfon feshi, ka fara da gamanarka, ƴar gonar da mahaifinka ya bar maka, don kowa ya gani da idonsa, sannan mai so ya kira ka. Da tsohon nan ladan ya ce maka, "To, ƙwarin da innarka take ratayewa a buhu fa?" sai ka ce, "Ƙudajen Inna? Ai wasan mata ne, Baba. Ku bari ku ga aikin maza." Aka yi dariya, kai ma ka yi.

Wasan mata! Tuwon da ka ci kafin ka hau mota, da furar da Hadiza ta ƙulla maka a ƙyalle, daga wasan matan suka fito. Raina ya ɓaci ƙwarai. Kwana biyun nan da ka ga ina amsa gaisuwarka da ka, ba ciwon haƙori nake yi ba kamar yadda na sa aka gaya maka.

Sai dai na san inda ka samo wannan raini, a nonona ka sha shi. Bari ka ji.

Kana ƙarami, wata shekara murzuna ta shiga mana gero. Ka san aikinta. Zangarniya ta fito ƙatuwa, ka hango daga nesa ka ce bana an huta, ka matso ka tarar tsutsa ta bi ta tana zagayawa kamar an murɗa igiya, ka girgiza sai ƙaiƙayi ya zubo. Shekarar nan rumbunmu bai kai mu tsakiyar rani ba. Da damina ta kewayo sai wata ma'aikaciyar gona, Madam Rakiya, ta zo da motar porje, masu aikin taimakon manoma, ta tara mata a ƙofar mai gari. Ni ban je ba. Na ce na gaji da zaman rana ana yi mana dogon bayani ana ɗaukar hotonmu. Da yamma aka aiko mini da rabona, wani ɗan buhun algarara da bai fi tafin hannu biyu ba, an ɗaure bakinsa, aka ce in kai gona in rataye. Wa ya taɓa ɗaukar gero daga gida ya kai gona ya rataye? Na kwance. Ɗan barzajjen gero ne a ciki, ya yi yana, ga tsutsotsi fal, wasu suna motsi wasu sun sandare.

Wallahi haushi ya kama ni. Na ce wato yunwa ta kai mu inda za a aiko mana da ruɓaɓɓen gero da sunan taimako, ɗan cikin cokali, a kuma ce mu rataye don kada mu ga abin da ke ciki. Na juye shi a faifai na bakace, na watsa wa kaji tsutsar suka yi wawa. Ban tsaya nan ba. Da safe na je rijiya na yi ta shela, har wasu mata suka koma gida suka yi yadda na yi. Kajin unguwarmu ba su taɓa shan gara irin ta makon nan ba.

Da Madam Rakiya ta dawo ta ji labari, ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a kan turmina ta dafe kai, ta ce, "Haba baiwar Allah! Sojojin da na yi wata da watanni ina kiwo kika ba kaji?" Sannan ta fito da wata ƴar kwalba daga jakarta, ta ce in matso in duba.

A ciki akwai tsutsa ɗaya mai ƙiba, da wani ɗan ƙwaro da kaɗan ya ɗara ƙwayar riɗi, launin zuma, da siririn ƙugu. Ba ƙuda ba ne, ka ji ko? Dangin zanzaro ne, ƙanƙanensu, ba ya harbin mutum ba ya kuma taɓa hatsi. Shi ne muke ce wa mayaƙi. Ina kallo macen ta zagaya tsutsar tana shafa ta da ƴan ƙahonninta, ta lanƙwasa gindi ta soke ta. Tsutsar ta yi birgima, can sai ta yi laƙwas. Madam ta ce ba ta mutu ba, jiki aka kashe mata, ba za ta ƙara cin ko ƙwaya ɗaya ba. A jikinta uwar za ta jera ƙwai. Su ƙyanƙyashe, ƴaƴan su kafa baki su yi ta tsotsa har ta koma fata, kuma naman ba ya ruɓewa tunda da sauran rai a jikinta. In sun ƙoshi kowane ya saƙa wa kansa ɗan farin gida kamar ɓarin auduga ya kwanta, kafin mako biyu sun fito da fiffike sun shiga neman wata tsutsar. Uwar ma takan soki waɗanda ba za ta yi wa ƙwai ba, duk wadda ta gamu da ita ta shiga uku.

Tsutsar da na ba kaji kuwa ba murzuna ba ce, tsutsar rumbu ce da ake kiwo don ta zama guzurinsu. Waɗanda na ga sun sandare, ƙwan mayaƙi ne a jikinsu. Da na rataye buhun yadda aka ce, da sun riƙa fitowa ta ramukan algararar daidai lokacin da murzuna ke shiga zangarniya.

Ranar da aka kira ni in ji bayani ban je ba, ranar da ban san komai ba kuwa ni ce mai babbar murya a bakin rijiya. Kai ma haka ka yi ranar Juma'a. A butik ɗin nan kwalabe za ka tarar jere, wasu da rubutun da ko kai da ka yi lakwal ka san boko ba ka iya karantawa. Kada ka buɗe baki ka yabi kwalba a gaban manomi sai ka tambaya, ba abin da aka yi ta don ta kashe kaɗai ba, har abin da take haɗawa da shi. In kawunka ya ce bai sani ba, ma'aikatan gona suna nan cikin birnin. Ka je ka zauna ka saurara, ko da a rana za su bar ka.

Kuskurena na biyu ya fi wannan ciwo, domin shi ko kaji ba su amfana ba. Bayan mun gane mayaƙi mun riƙe shi hannu biyu, muka kuma ga bambanci a rumbu. Sai wata damina muka shuka wake a tsakanin gero kamar yadda muka saba. Waken ya yi fure daidai lokacin da gero ke bunni, wato nasa furen, buhu yana rataye, ƙwari suka sauka wa furen. Mahaifinka, Allah Ya ji ƙansa, ya dawo daga kasuwar Mirriya da wata kwalba, mai sayarwa ya rantse masa cewa ko kunama ta ji warinta sai ta miƙe. Na san abin da Madam ta ce a kan feshi, cewa kada a yi shi inda aka rataye buhu, ban manta ba. Amma idona ya rufe a kan waken. Na ce a raina ai wake za mu fesa, shi yana ƙasa gero yana sama. Ni na ɗebo ruwan da aka dama maganin, ni na ɗora masa famfon a baya.

Washegari na shiga gonar na ji ta tsit. Ka san ƙugin nan da gero ke yi lokacin bunni, na ƙudan zuma da ƙananan ƙwari? Babu shi. Na tara gefen zanena ƙarƙashin zangarniya na girgiza, mayaƙa suka zubo matattu. Na tsaga zangarniyar da farce, ga murzuna nan lafiya lau tana cin abincinta. Wato da hannunmu muka kashe mai gadi muka bar ɓarawo a ɗaki. Ita a ɓoye take cikin hanyar da ta haƙa, ƙaiƙayi ya rufe ta, magani ba ya isa gare ta yadda ya kamata. Shi kuwa mayaƙi a fili yake yawo daga wannan kai zuwa wancan, yana sauka a ganye da fure, shi ne na farkon faɗuwa.

Kuma ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Mayaƙi bai san iyakar gona ba. Ba kowace gona ake sa wa buhu ba, wanda aka rataye a ɗaya shi ke aiki a gonakin da ke kewaye da ita, kuma shekarar nan tamu aka zaɓa a gefenmu. Hajara mai gonar gabas da mu, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara, da buhun gonarmu ta dogara. Ban ce feshinmu kaɗai ya kayar da ita ba, ruwa ma ya ɗauke da wuri. Amma na ga damman da ta ɗaure da kaka, hannu ɗaya yana ɗaga su don rashin nauyi. Kafin rani ya tsaya ta kulle ɗakinta ta tafi Agadas aikatau, ba ta sake noma a garin nan ba. Ranar da za ta tafi ta shigo yi mini sallama, ta durƙusa ta ce, "Yaya, a yafe ni." Ita ke neman yafiyata, alhali ni ya kamata in nemi tata.

Don haka ka ji ni da kyau. Ban ce sana'ar kawunka haramun ce ba. Shekarar da fara ta sauko mana, da ba don magani ba da ko kara ba mu tsira da shi ba, mu da kanmu muka yi guɗa da muka hango motar feshi. Magani yana da ranarsa. Amma daga ranar da gero ya fid da kai har ya yi ido ya ƙosa, ba ranarsa ba ce a inda aka rataye buhu. In manomi ya zo maka da kukan wake a lokacin nan, ka ce ya daka ƴaƴan bedi, wato dogon yaro, ya jiƙa ya tace ya yayyafa da yamma, baɗi kuma ya ware wa wakensa fili dabam. Mai yiwuwa ka rasa cinikin ranar. Ka rasa shi. Kuma tunda ka zaɓi yin hulɗa da guba, kada ka taɓa zuba ta a gorar ruwan sha, kada rigar feshi ta kwana ɗaki ɗaya da kai, ka wanke hannu da sabulu kafin ka sa shi a akushi.

Yanzu bari in zo kan kawunka, ƙanena ciki ɗaya, wanda na goya a bayan nan nawa. Yana da ƴaƴa maza a gidansa. Me ya sa sai bana ya tuna da kai? Ka taɓa tambayar kanka? Tun da ƙungiyarmu ta mata, wadda nake shugabanta, ta kama kiwon mayaƙi da kanta, ƙauyukan gefen nan sun rage sayen kwalbarsa lokacin bunni. Bara ya turo wani da moto, mata suka bi shi da magana har ya juya bai buɗe bidonsa ba. Ya gane cewa baƙo ba a saurarensa. Amma in ɗan shugabar ƙungiya ne ya goya famfo ya shiga gamanarsa da rana tsaka, me ya rage? Kowa zai ce ai ga shi nan, ko a gidanta ba a yarda da ƙudajen ba. Mazajen da na yi shekaru ina lallashi su bar mu mu rataye buhu a gonakinsu, a yini ɗaya za su ce matansu su zauna gida. Ba ƙarfinka kawunka ya ɗauka aiki ba, sunana ya ɗauka. Shi kuma ko kunya babu, kowace kaka sai ya aiko a kai masa geron gida, wai na kasuwa ba ya yi masa daɗin fura. Ka tambaye shi wa yake tsare masa geron.

Abu na uku a kanka na yi shi kai kanka. Ɗakin nan na bayan rumbu da kake wucewa kana toshe hanci, inda muke jera bokitai rufe da ƙyalle, ban taɓa kiran ka ciki ba. Hadiza na ja tun tana ƙarama. Ita ta iya raba mace da namiji da ido, ta san sai macen da ta sadu da namiji ake sawa a buhu, in ba haka ba maza zalla za ta haifa. Su kuwa mazan ba sa sukan tsutsa, sai yawo. Aikin maza ke nan a wurinsu, tunda shi ka ce a bari a gani.

Kai kunya ta sa ina ganinka ina kau da kai, har ka girma ba ka san dalilin wahalar da muke sha ba. Murzuna in ta ƙoshi sauka take ta shige ƙasa, rani duk tana barci, sai ruwa ya sauka ta fito da fiffike ta yi ƙwai a sabuwar zangarniya. Mayaƙi ba shi da wannan gatan. Da an girbe gero abincin ƴaƴansa ya ƙare, zafin rani ya ƙarasa yawancinsu, sai ƴan kaɗan da suka fake a rumbuna suna farautar tsutsar hatsi. Kafin waɗannan su hayayyafa da kansu murzuna ta gama ɓarna. Shi ya sa muke riƙe su a ɗaki duk tsawon rani, mu ciyar da tsutsar rumbu, ita kuma ta ciyar da su. Madam ta ce danginsu suna da yawa a daji waɗanda ba mai kiwonsu, wasu na ƙwarin darɓa, wasu na tsutsar kara, kowane da abin farautarsa, suna yi mana aiki ba mu ko san da zamansu ba. Famfo ba ya tambayar wane ne wane, duka yake zubarwa.

Da na ja hannunka na shiga da kai ɗakin nan tun kana yaro, da bakinka bai iya furta abin da ya furta a gindin bedi ba. Idan Allah Ya ba ka naka ƴaƴan, kada ka bar kunya ta hana ka nuna musu inda abincinsu ke fitowa.

Bana tun sanyi muke kiwo. Akwai mata a cikinmu da suka ɗebi gero daga abincin bakinsu suka zuba a bokitan nan. Geron gona yanzu ya kai gwiwa, ruwa kuma alhamdu lillahi. Ba mu da wani abin dogaro bayan Allah sai abin da ke cikin ɗakin nan, in ya tafi a banza ba a sake haɗa shi kafin kaka.

Gamanar taka ce, gadonka ce, ba ni da ikon hana ka shiga. Amma ga abin da na yanke. Ranar da gero ya fid da kai, buhun farko da ƙungiya za ta fitar a gamanarka zan rataye shi, da hannuna, a reshen gawon da ke tsakiyarta inda duk mai wucewa zai gani. In ka zo da famfo ba zan yi ihu ba, ba zan kai ka gaban mai gari ba, kuma ba zan yi maka baki ba, Allah Ya kiyaye. Abu ɗaya na ɗora maka. Kafin ka fesa ko ɗigo, ka hau gawon nan ka kwance buhun da kanka, ka ɗauko shi ka ratsa gari da shi, ka kawo mini har tsakar gida ka miƙa mini hannu da hannu. Kada ka aiko Hadiza, kada ka ajiye a zaure. In ka iya wannan, je ka yi feshinka.

Allah Ya tsare ka a kan moto da ƙasan moto, Ya kare ƙirjinka daga warin abin da za ka riƙa ɗauka, Ya ba ka halal mai albarka, Ya dawo mini da kai da ƙafafunka. Mutanen gida duk suna gaishe ka.

In kuwa ka zo hannu sake, ka zo da hantsi kafin rana ta yi zafi, lokacin aka fi ganin mayaƙan suna aiki. Zan jira ka a bakin gona.

Ni ce,
Innarka.